Daga kujerar Madagali zuwa gidan gwamnatin Yola: zaɓe nawa Ahmadu Fintiri ya ci da ƙuri'a?

Tambaya: Muna yawan jin ana cewa Ahmadu Umaru Fintiri ya hau kujerar gwamnan Adamawa har sau huɗu, alhali wa'adi biyu kacal kundin tsarin mulki ya yarda da shi. Wasu kuma suna cewa majalisar dokoki da kotu ne suka ɗora shi, ba ƙuri'ar talakawa ba. Mene ne gaskiyar tarihin siyasarsa tun daga majalisar jiha, kuma zaɓe nawa ya ci?

Amsa: Malam mai tambaya, gaskiya ne an rantsar da shi a kan wannan kujera sau huɗu, a shekarun 2012, 2014, 2019 da 2023, amma biyun farko rantsuwar muƙaddashi ce, wadda ya yi saboda shi ne kakakin majalisar dokokin jiha a lokacin da kujerar ta zama ba kowa a kanta. Zaɓen da jama'a suka kaɗa masa ƙuri'a ya ci guda huɗu ne: biyu na kujerar majalisar jiha a mazaɓar Madagali, a 2007 da 2011, sai biyu na gwamna, a 2019 da 2023. Ruɗanin yana tasowa ne saboda ana cakuɗa iko iri uku da ya riƙe, wanda masu ƙuri'a na mazaɓa ɗaya suka ba shi, da wanda takwarorinsa 'yan majalisa suka ba shi, da wanda jihar baki ɗaya ta ba shi. Idan ba a rarrabe su ba, ba za a yi wa tarihin nasa adalci ba, ko ta fuskar yabo ko ta fuskar suka.

An haife shi a 1967 a Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali, wadda take can ƙuryar arewacin Adamawa tana iyaka da jihar Borno da kuma Kamaru, ya kuma yi karatun tarihi a Jami'ar Maiduguri. Kujerar da ya ci a 2007 ɗaya ce daga cikin 25 na majalisar dokokin Adamawa. Irin wannan kujera, a siyasar Najeriya, ba ta cika ɗaga sunan mutum ya wuce ƙaramar hukumarsa ba, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna a kanta sukan yi wa'adi ɗaya ko biyu su koma gida ba tare da makwabtan jiha sun taɓa jin sunansu ba. Abin da ya bambanta Fintiri shi ne shugabancin majalisar, wanda kafin watan Janairun 2012 ya riga ya shiga hannunsa. Ba jama'a ke zaɓar kakaki ba, 'yan majalisa ne suke fid da shi daga cikinsu, don haka a zauren da mutum 25 ke zaune, goyon bayan mutum goma sha uku ya isa ya ɗora mutum a kan muƙamin da sashe na 191 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya shi na biyu, bayan mataimakin gwamna, a jerin magada kujerar gwamna. A yawancin jihohi wannan gado a takarda yake tsayawa, domin da wuya gwamna da mataimakinsa su bar mulki lokaci guda. A Adamawa kuwa hakan ta faru har sau uku cikin shekara bakwai.

Na farkon bai shafi Fintiri ba, amma shi ne tushen na biyu. A watan Fabrairun 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da soke zaɓen da ya kawo gwamna Murtala Nyako a 2007, saboda hukumar zaɓe ta hana ɗan takarar jam'iyyar AC shiga, sai kakakin wancan lokacin, James Barka, ya riƙe jihar har aka sake zaɓe a watan Afrilu, Nyako ya sake ci ya kuma sake rantsuwa. Daga nan gardama ta taso a kan ranar da za a fara lissafa masa shekara huɗu. Shi da wasu gwamnoni huɗu masu irin wannan hali suka ce daga rantsuwa ta biyu za a ƙirga, ƙananan kotuna suka ba su gaskiya, shi ya sa ba a yi zaɓen gwamna a jihohinsu ba a watan Afrilun 2011. Ranar 27 ga Janairun 2012 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ke ɗauke da sunayen Buba Marwa da Nyako, ta ce wa'adinsu ya ƙare tun watan Mayun 2011, ta sauke gwamnonin Adamawa, Bayelsa, Kuros Riba, Kogi da Sakkwato a rana ɗaya. Ta haka Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna a karon farko. Riƙon bai kai mako biyu ba, domin an yi zaɓe ranar 4 ga Fabrairu, Nyako ya ci, ya karɓi kujerarsa. Babu wanda zai ce Fintiri ya nemi wannan riƙo, hukuncin kotu ne ya same shi yana zaune a inda doka ta nuna.

Riƙo na biyu ba haka yake ba, kuma a nan ne maganar masu cewa majalisa ce ta ɗora shi take da nauyi. A watan Nuwamban 2013 Nyako, tsohon hafsan sojan ruwa da ake yi wa laƙabi da Baba Mai Mangwaro, ya bar PDP ya koma APC tare da gwamnonin Kano, Sakkwato, Kwara da Ribas. A watan Afrilun 2014 ya rubuta wasiƙa ga gwamnonin Arewa yana zargin gwamnatin Goodluck Jonathan da kisan ƙare dangi a yankin, abin da ya ɓata tsakaninsa da Abuja iyakar ɓaci. Majalisar jihar kuwa tana hannun PDP, Fintiri yana shugabanta. Cikin watan Yuni majalisar ta fara yunƙurin tsige gwamna da mataimakinsa bisa zarge-zargen almundahana.

Sashe na 188 ya shimfiɗa hanyar tsige gwamna daki-daki. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, a isar da ita ga wanda ake zargi, kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike, babban jojin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai, wanda ake zargi ya sami damar kare kansa, sannan idan kwamitin ya ce laifi ya tabbata, kashi biyu cikin uku su amince da rahoton. A Yola an bi waɗannan matakai a gaggauce, an buga takardar zargin a jaridu maimakon a miƙa wa Nyako hannu da hannu, bai kuma bayyana gaban kwamitin ba. Ranar 15 ga Yulin 2014 majalisa ta tsige shi. A ranar ce kuma aka karanta a zauren takardar murabus ta mataimakinsa, Bala James Ngilari. Da gwamna ya tafi, mataimaki ma ya tafi, sai kakakin da ya jagoranci zaman ya zama shi ne muƙaddashin gwamna. A ganina, wannan rauni ne da ke cikin tsarin kansa, ba na Adamawa kaɗai ba: mutumin da yake riƙe da gudumar zaman tsigewa shi ne zai gaji kujerar idan tsigewar ta haɗa da mataimaki, kuma doka ba ta tilasta masa ya janye daga jagorantar zaman ba.

Doka ta ba muƙaddashi wata uku ne kawai, a cikinsu a zaɓi wanda zai ƙarasa wa'adin, sai INEC ta sa ranar 11 ga Oktoba don zaɓen cike gurbi. Fintiri ya nuna shi ma yana son kujerar. Kwamitin tantance 'yan takara na PDP ya fara hana shi, kwamitin sauraron ƙorafi ya wanke shi, ya kuma ci zaɓen fid da gwani a watan Satumba, lokacin da Nuhu Ribadu, wanda bai daɗe da shigowa PDP daga APC ba, yana cikin manyan da suka janye. APC ta tsayar da Sanata Muhammadu Jibrilla Bindow. Duk wannan yana gudana ne jihar na ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da aka kafa tun watan Mayun 2013, kuma a cikin waɗannan watanni ne 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Gulak da Michika, wato mazaɓar da ta tura shi majalisa ta faɗa hannun 'yan bindiga yana riƙe da jihar. Mubi ma ta bi baya a ƙarshen Oktoba. Ko da an yi zaɓen, da mutanen garinsu da yawa suna gudun hijira ranar kaɗa ƙuri'a.

Ba a yi zaɓen ba. Ngilari ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja yana cewa murabus ɗinsa bai inganta ba, kuma ranar 8 ga Oktoba, saura kwana uku a kaɗa ƙuri'a, Mai shari'a Adeniyi Ademola ya ba shi gaskiya. Dalilin yana cikin sashe na 306, wanda ya ce mataimakin gwamna ga gwamna zai miƙa takardar ajiye aiki, alhali takardar Ngilari kakaki aka aika wa tun Nyako yana kan mulki. Tunda murabus ɗin bai zauna ba, Ngilari yana nan a matsayin mataimaki ranar da aka tsige Nyako, don haka shi ne magaji. A ranar aka rantsar da shi, aka dakatar da zaɓen, riƙon Fintiri ya ƙare bai cika wata uku ba. Tsigewar ita kanta ba ta tsira ba, domin a watan Fabrairun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ta bisa dalilin cewa ba a isar wa Nyako da takardar zargi yadda ya kamata ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba. A watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi mayar da shi kan kujera, amma ba ta farfaɗo da tsigewar ba. Wannan ya yi daidai da matsayin da kotun ta ɗauka tun shari'ar tsige gwamna Rashidi Ladoja na jihar Oyo a ƙarshen 2006, cewa ko da yake kotu ba ta shiga hurumin majalisa a kan ko laifi ya kai a tsige, tana da ikon duba ko an bi ƙa'ida.

Saboda haka, Malam, wanda ya ce kotu ce ta ɗora Fintiri bai faɗi labarin duka ba. Kotu ta ba shi riƙon kwanaki a 2012, amma ita ce ta raba shi da kujerar a 2014 tana hannunsa, ta kuma rushe aikin da majalisarsa ta fi shahara da shi. Abin da wata ukun nan ya bar masa shi ne suna a ƙananan hukumomi 21 na jihar, da alaƙa da shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓu, wanda ɗan majalisa mai wakiltar Madagali kaɗai ba zai samu ba.

A 2015 PDP ta tsayar da Ribadu, Bindow na APC ya ci a guguwar da ta kawo Muhammadu Buhari, Fintiri kuma ya shafe shekara huɗu ba ya cikin gwamnati.

Zaɓen 2019 shi ne karon farko da sunansa ya je gaban masu ƙuri'a na jihar baki ɗaya. An yi shi ranar 9 ga Maris, makonni biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa wanda Atiku Abubakar, ɗan jihar kuma ɗan takarar PDP, ya yi rinjaye a Adamawa ko da yake ya faɗi a ƙasa. Da aka tattara sakamako, Fintiri yana da ƙuri'a 367,471, gwamna mai ci Bindow yana da 334,995, tazarar 32,476 ke nan. INEC ta ce zaɓen bai kammalu ba, saboda ƙa'idarta ta ce idan yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ya haura tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, to sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna, kuma a nan masu rajista a rumfuna 44 da abin ya shafa sun haura dubu arba'in. Wata ƙaramar jam'iyya da ta ce an cire tambarinta daga takardar ƙuri'a ta samo umarnin kotu da ya hana a ƙarasa zaɓen ranar 23 ga Maris tare da na sauran jihohi, sai ranar 28 aka yi shi. Sakamakon ƙarshe ya ba Fintiri 376,552, Bindow 336,386. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, Crowther Seth yana mataimakinsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar a watan Janairun 2020.

Kayar da gwamna mai ci wanda jam'iyyarsa ke riƙe da Abuja ba ƙaramin abu ba ne, amma alƙaluman suna buƙatar a karanta su tare da na mutum na uku. Sanata Abdul'aziz Nyako, ɗan gwamnan da aka tsige, ya bar APC ya tsaya a jam'iyyar ADC ya sami ƙuri'a sama da 113,000, kusan ninki uku na tazarar 40,166 da Fintiri ya ba Bindow. Idan aka haɗa ƙuri'un Bindow da na Abdul'aziz sun fi na Fintiri, wato ya ci ne da ƙasa da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, abin da sashe na 179 ya halatta muddin mutum ya fi kowa ƙuri'a ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A cikin APC ɗin ma ba a jitu ba, domin Ribadu, wanda ya koma jam'iyyar, da Mahmud Halilu Modi sun yi jayayya da yadda Bindow ya sami tikiti. Ba zan ce duk wanda ya zaɓi Abdul'aziz da Bindow zai zaɓa ba, tunda da yawansu fushi da Bindow ne ya fitar da su, amma ba na shakkar cewa rabuwar kan APC ta yi wa Fintiri aiki. Abin lura kuma shi ne, takarar ɗan mutumin da majalisarsa ta tsige tana cikin abubuwan da suka buɗe masa hanya.

Zaɓen 2023 ya fi nuna ƙarfinsa na gaskiya, domin babu ɗan takara na uku mai nauyin Abdul'aziz. APC ta tsayar da Sanata Aishatu Ɗahiru Ahmed Binani, wadda ta kayar da Ribadu da Bindow a zaɓen fid da gwani a watan Mayun 2022, kotu ta soke takararta a watan Oktoba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maido mata a Nuwamba. Hankalin ƙasa ya koma Yola saboda da ta ci, da ita ce mace ta farko da aka zaɓa gwamna a Najeriya. Fintiri kuma ya ɗauki Farfesa Kaletapwa Farauta a matsayin mataimakiya. A zaɓen ranar 18 ga Maris ya sami 421,524, Binani ta sami 390,275, tazarar 31,249, aka sake cewa zaɓe bai kammalu ba, wannan karon bisa lissafin katunan zaɓe da aka karɓa a rumfuna 69. Aka sa ranar 15 ga Afrilu don ƙarasawa.

Washegari, ranar 16 ga Afrilu, ana tsakiyar tattara sakamako kuma an ɗage zama, kwamishinan INEC na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren ya sanar da cewa Binani ce ta ci, ba tare da karanta alƙaluma ba. Dokar zaɓe ba ta ba kwamishina wannan iko ba, baturen zaɓe ne kaɗai yake sanar da wanda ya yi nasara, kuma a Adamawa Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri ne aka ɗora wa aikin. Hedikwatar INEC ta soke sanarwar a ranar, ta dakatar da tattara sakamako, ta kira jami'anta Abuja, daga baya aka dakatar da kwamishinan. Ranar 18 ga Afrilu Farfesa Mele ya kammala aikin ya sanar da Fintiri da ƙuri'a 430,861, Binani kuma ta tsaya ƙasa kaɗan da 400,000. Ta bi shari'ar tun daga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe har Kotun Ƙoli, wadda ta kori ƙarar a ƙarshen watan Janairun 2024.

Idan aka jera zaɓukan biyu, ƙuri'unsa sun ƙaru da kimanin dubu 54 cikin shekara huɗu, amma na APC sun ƙaru da abin da ya fi haka, tazarar ta ragu daga dubu arba'in zuwa dubu talatin da 'yan kai, alhali yana gwamna mai ci kuma Atiku ya sake yin rinjaye a jihar makonni uku kafin nan. Wannan ba alƙaluman mutumin da ya mamaye jiha ba ne, kuma masu kambama shi a matsayin wanda ba a ja da shi sun wuce abin da sakamakon ya nuna. Masu cewa sa'ar rabuwar kan abokan hamayya ce kawai su ma 2023 ta ba su amsa, tunda gaba da gaba aka yi ya kuma fito a sama. A zaɓukan biyu shi ne a gaba tun zagayen farko, zagaye na biyu bai juya sakamako ba, ƙara tazarar ya yi. Adamawa jiha ce mai ƙabilu da yawa da mabiya addinai biyu masu yawan gaske, inda babu wani ɓangare da zai iya naɗa gwamna shi kaɗai, don haka ɗan Madagali ba zai ci ba sai da ƙawancen da ya ratsa arewa da tsakiya da kudancin jihar, irin wanda kakaki yake koyon ƙullawa a zauren da kowace ƙaramar hukuma take da wakili.

Saura batun rantsuwa huɗu da wa'adi biyu. Sashe na 182 bai ƙirga yawan rantsuwa ba, abin da ya ce shi ne mutum ba zai tsaya takarar gwamna ba idan an riga an zaɓe shi a kan kujerar a zaɓuka biyu da suka gabata. Muƙaddashi ba zaɓaɓɓe ba ne, don haka riƙon 2012 da na 2014 ba su shiga lissafi. Akwai gyaran da aka yi wa kundin a 2018, wanda ya ce duk wanda aka rantsar don ya ƙarasa wa'adin wani gwamna ba za a zaɓe shi fiye da sau ɗaya ba, amma wannan ya shafi irin mataimakin da ya gaji kujera ya ƙarasa ragowar shekarun, kamar yadda Ngilari ya yi daga Oktoban 2014 zuwa Mayun 2015. Kakaki ba ya ƙarasa wa'adin kowa, yana riƙe kujerar ne kafin a zaɓi mai ƙarasawa. Da zaɓen 11 ga Oktoban 2014 ya gudana ya kuma ci, da wannan ya zama zaɓensa na farko a lissafin sashe na 182, sai a ce hukuncin da ya sauke shi a lokacin ya bar masa cikakkun wa'adi biyu a gaba. Zaɓen 2019 da na 2023 su ne biyun da doka ta ƙayyade masa, kuma wa'adin da ya fara ranar 29 ga Mayun 2023 shi ne na ƙarshe da zai iya yi a kan kujerar gwamna.